Kun Tambaya: Ya aka yi barikin soja ya samu kansa a tsakiyar bankunan Landan?

Jama'a assalamu alaikum. Wancan hoton da muka saka a fitowar da ta wuce, na sojoji suna harba igwa a bakin kogin Thames gaban tsohuwar fadar Tower of London, wanda muka rubuta a ƙasansa cewa ba sojojin dindindin bane, 'yan ko-ta-kwana ne daga barikin Finsbury, ashe ya sosa wa mutane da yawa inda yake musu ƙaiƙayi. Saƙonni sun yi ta shigowa ta WhatsApp da imel, na zaɓo guda huɗu da suka tattaro abin da sauran ke tambaya. Wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri, amsarsa tana ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a makarantar kasuwanci da ke titin Bunhill Row, kullum in zan wuce ta City Road sai na ga wani ginin dutse kamar fadar sarakunan da, ga wani ƙaton fili kore shar a bayansa, alhali ko ina a unguwar dogayen benayen gilashi ne na bankuna da kamfanoni. Shi ne barikin da kuka ce? In shi ne, wa ya yarda aka kafa bariki a inda taku ɗaya na ƙasa ya fi gidanmu na Gusau tsada?
Daga wani ɗalibi a Landan

AMSA: Shi ne ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Amma ka juya tambayar, don ba barikin ne ya shigo gari ba, garin ne ya taso ya cim masa har ya zagaye shi.

Kasan Landan ta asali gari ne mai ganuwa, Rumawa suka gina ta wajajen shekara ta 200 miladiyya, kuma ita ganuwar nan ta tare hanyar wani rafi da ake kira Walbrook shi yasa arewacinta ya koma fadama, ruwa ya kwanta, laka ko ina, in hunturu yayi tsanani ruwan ya daskare samari su ɗaura ƙasusuwan dabbobi a ƙafa suna sulɓi a kai. Wannan fadamar ita ce Moorfields, gaba da ita kaɗan kuma filayen Finsbury. Sai a 1415 aka buɗe ƙofar Moorgate don mutane su riƙa fita ta wajen, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da kake sauka yanzu sunan ƙofar ta gada, sannan a 1527 aka janye ruwan fadamar. In kana son ka gane wurin sosai ka tuna yadda Fagge take da birnin Kano a da, wato bayan ganuwa, inda ake sauke abin da gari yake buƙata amma ba ya son ya kwana dashi a ciki. To haka Finsbury ta zama wa Landan. Masu wanki su shanya, masu juji su zubar, masu koyon harbin kibiya su zo su yi tunda ba wanda zai yarda a riƙa harba masa kibiya a ƙofar shago.

Su kuma masu barikin, sunansu Honourable Artillery Company, kowa HAC yake cewa. Sarki Henry na 8 ne ya basu takardar izini a watan Agustan 1537, su riƙa koyar da harbin baka da ƙananan bindigogi don kare gari, kuma ba sojan sarki bane masu albashi, 'yan kasuwa ne da masu sana'a na cikin birni da suke ajiye aiki su zo atisaye. Da farko a wajen Spitalfields suke yi, sai a 1641 aka basu wannan filin da kake gani kuma tun ranar basu tashi ba. Babban gidansu da ke fuskantar filin, Armoury House, a 1735 aka gina shi, Sarki George na 1 ya taimaka da fam 500. Shi kuwa mai kama da fada da ya ja hankalinka a bakin City Road, duk da tsufan da yake nunawa yaro ne a kan wancan, a 1857 aka gina shi don wata rundunar sa-kai ta daban mai suna Royal London Militia, mai zanen Joseph Jennings ya ga dama ya masa kwalliyar ganuwa da hasumiya don ya yi kwarjini kawai, ba wanda ya taɓa kai masa hari. Daga baya ne ya dawo hannun HAC aka haɗe shi da tsohon gidan.

Ka duba maƙwabtan da suka yi zama dasu ka ga irin unguwar. Akwai maƙerar igwa ta gwamnati a nan kusa, a 1716 ana narkar da igwogin da aka ƙwato daga Faransawa sai ta yi bindiga ta kashe mutane, shi yasa aka kwashe aikin gaba ɗaya aka kai Woolwich. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Bethlem da aka dawo dashi Moorfields a 1676, inda abin takaici mutanen gari ke biyan kuɗi su shiga kallon marasa lafiya kamar wasa, har sai da aka hana a 1770, a 1815 kuma asibitin ya koma hayin kogi. Akwai kamfanin giya na Whitbread a Chiswell Street, jikin filin ta kudu, tun 1750 yake dafa giya bai daina ba sai 1976. Ga maƙabarta a arewa, zan zo kanta a tambayar Hajiya. Kaga kenan harbi, wuta, hauka, giya, gawa, duk abin da birni ya ture waje nan ya tare. Har mutanen birnin kansu, lokacin babbar gobarar Satumban 1666 da ta cinye gidaje sama da 13,000, a Moorfields suka zube da 'yan komatsansu suka kafa bukkoki.

Filin nan kuma ba fareti kaɗai ya gani ba. Tun shekarun 1730 ake buga manyan wasannin kurket a kansa, da caca mai zafi a gefe. A ranar 15 ga Satumba 1784 wani ɗan Italiya Vincenzo Lunardi ya tashi sama daga nan cikin balan-balan mai iskar haidurojin, Yarima mai jiran gado na tsaye yana kallo ga jama'a ba masaka tsinke, ya tafi da kare da kyanwa da tantabara. Kyanwar bata ji daɗin tafiyar ba sai da ya sauko a hanya ya ajiye ta sannan ya ƙara tashi, ya dira a Hertfordshire bayan tafiyar mil 24. Ni dai a labarin nan kyanwar nake tausayi, ba wanda ya nemi shawararta.

Abin da ya canja unguwar shi ne rushe ƙofofin ganuwa a farkon shekarun 1760 da kuma yanka City Road a 1761, daga nan gine-gine suka fara cin filayen ɗaya bayan ɗaya, Finsbury Square daga 1777, sai Finsbury Circus a inda asibitin ya tashi. A ƙarni na 19 gefen unguwar St Luke's ya cika da talakawa da ƙananan masana'antu da gidajen haya masu cunkoso. Sai yaƙin duniya na biyu, daren 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka yi ruwan bama-baman wuta suka share kudu maso yammacin wurin kusan ƙaf, a kan tokar ne aka gina rukunin benayen Barbican tsakanin 1965 da 1976. Kamfanonin kwamfuta da intanet da suka mamaye randabawul ɗin Old Street kuwa jiya-jiya ne, wajajen 2008 aka fara maganarsu. Duk wannan abin da ake filin eka 5 zuwa 6 ɗin nan yana zaune, don HAC ba runduna ce kawai ba, ƙungiya ce mai rajistar jinƙai da take riƙe da kayanta, tana bada hayar zaurukan da filin ana biki da taro da wasanni, da kuɗin ake kula da wurin. Da a ce ma'aikatar tsaro ce kaɗai ke da iko dashi ina kyautata zaton da tuni an yi gwanjonsa, tunda haka aka yi wa hedikwatar sojoji ta Duke of York da ke Chelsea, wadda yanzu kantuna ne da gidan nuna zane-zane.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon saje ne na yi ritaya, shekaruna a kaki sun fi naka a duniya ina jin. Wane irin soja ne wai da rana yana banki da kwat, da dare ya saka kaki? Mu a saninmu soja a bariki yake kwana, matarsa da 'ya'yansa na nan, ga mami maket a gefe. Waɗannan in an ji ƙarar harsashi ba gudu za su yi ba?
Daga wani tsohon soja a Kaduna

AMSA: Ranka ya daɗe Baba Saje, a gaishe ka da hidimar ƙasa. Gaskiyarka ne ta fuska ɗaya, wannan ba bariki bane irin wanda ka sani mai layin gidajen iyali da makarantar yara. Ba kowa ke kwana ciki ba, wurin horo ne da ofisoshi da ma'ajiyar makamai, mutum ya tashi daga aiki da yamma ya rataya jakarsa ya shigo, a yi darasi da atisaye na 'yan awoyi ya kama jirgi ya koma gida. Tsarin shi ne dare ɗaya a mako, wasu ranakun Asabar da Lahadi a daji, sai sansanin sati biyu sau ɗaya a shekara, mafi ƙaranci dai kwana 27 a shekara ga yawancin rundunoni. Ana biyan mutum kuɗin kowace ranar da ya yi, in ya cika kwanakinsa ya ci jarabawar ƙarfin jiki da harbi a bashi wani dunƙulallen alawus na shekara da ba a cire masa haraji. In gwamnati ta kira shi fagen daga kuwa dole ya amsa, akwai kuma dokar 1985 da ta tilasta wa mai kamfani ya mayar dashi bakin aikinsa in ya dawo. A 1908 aka tattara irin waɗannan rundunonin sa-kai ƙarƙashin tsari ɗaya, shekara da shekaru ana ce musu Territorial Army, sai a 2014 doka ta mayar da sunan Army Reserve.

Maganar gudu kuma Baba, a nan zan ɗan ja da kai cikin ladabi. A yaƙin duniya na farko mutum kusan 13,000 suka yi aiki ƙarƙashin HAC, sama da 1,600 basu dawo ba, kuma a faɗan Gavrelle a Faransa cikin Afrilun 1917 hafsoshinsu biyu, Reginald Haine da Alfred Pollard, suka samu Victoria Cross wadda ita ce lambar jarumta mafi girma a ƙasar. Kafin nan sun je yaƙin Afirka ta Kudu a 1900, a zamaninmu kuma sun je Iraƙi da Afganistan. Babban aikinsu na yanzu ma ba na rago bane, leƙen asirin fagen daga ne, 'yan mutane kaɗan su laɓe kusa da abokan gaba kwana da kwanaki suna turo bayanin inda za a auna igwa.

Sai dai kar in yi musu kwalliya da yawa. Tarihinsu na farko akwai tsaron dukiyar masu dukiya a ciki, don a tarzomar Gordon ta watan Yunin 1780, lokacin da gungun masu adawa da sassauta wa 'yan Katolika doka suka yi kwanaki suna ƙone-ƙone a Landan, suna cikin waɗanda suka fito da bindiga kan masu tarzomar, hukumar birni ta ji daɗi har ta basu kyautar igwa biyu na tagulla. A yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 kuma 'yan ƙungiyar sun rabu, wasu na bayan sarki wasu na bayan majalisa.

Hoton da ka gani aikin biki ne. Su ke harba igwar gaisuwa a Tower of London, harbi 62 a ranakun sarauta, wato 21 na gaisuwar sarki, 20 saboda wurin fadar sarki ce, 21 kuma na birnin Landan. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu a Satumban 2022 sun harba 96, ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarta. Suna da wani rukuni na tsofaffin 'yan rundunar da ke saka jajayen kaya da sulke da kwalkwali irin na shekarun 1640, riƙe da dogayen masu, suna yi wa magajin garin birnin rakiya, ina ga da a can kake da nan za su kai ka. Suna alfahari cewa su ne runduna mafi tsufa a sojan Birtaniya, amma abin dariya a jerin girma na 'yan ko-ta-kwana su ne na biyu, wata rundunar injiniyoyi ta Monmouth ce a gabansu, kuma har gobe abin bai musu daɗi ba in ka tambaye ni.

Mami maket kam babu Baba. Abin da ya fi kusa da ita shi ne kasuwar Whitecross Street, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, tsohuwar kasuwar talakawa ce da yanzu ta koma ta abincin rana na ma'aikatan ofis.

TAMBAYA: Malam ɗana ya kama ɗaki kusa da wannan barikin, da ya nuna min ta bidiyo sai na hango kaburbura ta taga, hankalina ya tashi. Sojojin da aka kashe ne aka binne a wurin? Sannan ance akwai babban masallaci a Finsbury, yana kusa dashi?
Daga wata uwa a Maraɗi

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba kaburburan sojoji bane kuma rabon da a binne wani a wurin tun 1854. Sunanta Bunhill Fields, katanga ɗaya ta raba ta da barikin. Asalinta tun 1549 ne da aka kwaso ƙasusuwan mutane amalanke bayan amalanke daga ma'ajiyar cocin St Paul aka jibge a filin har ya yi tudu, sai a shekarar annoba ta 1665 aka kewaye shi don binne mutane. Da yake cocin gwamnati bai keɓe wurin a matsayin maƙabartarsa ba sai ya zama maƙabartar Kiristocin da suka ƙi bin tsarin cocin Ingila, waɗanda a lokacin ake hana su muƙami da shiga manyan jami'o'i, kinga su ma turo su bayan ganuwa aka yi. An ƙiyasta mutum 123,000 ke kwance a wannan ɗan wurin, wani kan wani. Yanzu lambu ne mai manyan bishiyoyi, ma'aikata na zama kan benci suna cin abincin rana, da yamma a kulle ƙofa.

Cikin waɗanda ke kwance akwai Susanna Wesley, mahaifiyar John Wesley wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, cocinsa na 1778 na nan tsallaken titi yana kallon maƙabartar, kuma wurin ibadarsa na farko a Landan ita ce waccan maƙerar igwar da ta yi bindiga, ya saya a 1739 ya gyara. Akwai kuma Thomas Bayes masanin lissafin nan da ya rasu a 1761, wanda masu ilimin ƙididdiga da kwamfuta ke amfani da ƙa'idarsa har yau. Ƙanena mai tambayar farko, in makarantarka ce wadda nake zato to sunansa take ɗauke dashi tun 2021, da can sunan John Cass ne a kanta aka cire saboda hannun da yake dashi a kamfanin Royal African Company mai safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.

Abu ɗaya da ya haɗa barikin da gawa a zamanin nan shi ne harin bama-bamai na 7 ga Yulin 2005 da ya kashe mutum 52 a jiragen ƙasa da motar bas, a filin HAC aka kafa ɗakin ajiye gawa na wucin gadi don tantance mamatan, tunda samun fili mai faɗi da tsaro irin wannan a tsakiyar gari ba abu ne mai sauƙi ba. An gama an kwashe tuntuni.

Masallacin da kika ji kuma na Finsbury Park ne, suna ne ya zo ɗaya amma unguwa daban ce, kusan mil 3 arewa. Ba wahala dai, akwai jirgin da ke tashi daga Moorgate ya bi ta Old Street ya kai shi can kai tsaye. In gabas ya fi masa sauƙi ga babban masallacin Whitechapel nan ma ba nisa. Ki dai ja masa kunne kan kuɗin haya, shi ne abin tsoro a unguwar.

TAMBAYA: Yallaɓai wlh ni sojan nan ya burge ni, aiki kwana 27 kawai a shekara kuma a Landan. Wani ejan yace in na biya shi zai saka sunana su bani biza. Ya kake gani?
Daga wani matashi a Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa riƙe kuɗinka, ka toshe lambarsa yau ɗin nan. Neman shiga sojan Birtaniya ba a biyan ko sisi, kuma ba ta hannun ejan ake yi ba, ta shafin rundunar ake cikewa da kai. Na biyu, aikin ko-ta-kwana ba ya kawo mutum ƙasar, an yi shi ne don wanda yake zaune a can da aikinsa ko karatunsa, ɗan ƙasa ne ko ɗan Ireland ko ɗan ƙasashe renon Ingila da ya riga ya samu takardar zama ta dindindin. Ko ƙanenmu ɗalibin nan da ke wucewa ta ƙofar kullum, in bizar karatu ce a hannunsa ba za su ɗauke shi ba. Kuma kuɗin kwana 27 ko hayar wata biyu ba lallai ya biya maka a wannan unguwar ba, ƙari ne a kan albashin da mutum yake dashi.

Wanda ake ɗaukar 'yan waje kai tsaye shi ne aikin soja na dindindin, shi ma a Afirka ga 'yan ƙasashe renon Ingila kawai, wato Ghana da Najeriya da Kamaru suna ciki, Nijar da Chadi basa ciki. Guraben kaɗan ne, ana buɗewa ana rufewa gwargwadon buƙatarsu, akwai gwajin lafiya da na gudu da na Turanci, kuma kuɗin jirgi da na biza don zuwa tantancewa daga aljihunka zai fita, in ka faɗi ka dawo gida ba mai mayar maka. Ka shiga shafinsu ka karanta sharuɗɗan da ke aiki a ranar da za ka nema don suna canja su akai-akai, sannan ka zauna da iyayenka ku yi maganar, tunda rantsuwar da za ka yi ta zuwa duk inda aka tura ka ce.